Bizar Baiko Ko Bizar Aure: Wacce Ta Fi Ga Mai Shirin Auren Ɗan Amurka?

Har gobe akwai masu ɗaukar cewa da mutum ya auri ɗan Amurka ko 'yar Amurka, shi ke nan ya zama ɗan ƙasa. A da can zancen yana da tushe. Dokar 1855 ta sa mace baƙuwa tana samun ƙasar mijinta ta hanyar aure kawai, in dai tana cikin jinsin da dokar wancan zamani ta amince da su. Amma tun 1922 aka rufe wannan ƙofa. Abin da aure yake bayarwa yau shi ne damar nema. Matakai uku ne a gaban mutum: biza, sai katin zama na dindindin wanda kowa ya sani da girin kad, sannan daga ƙarshe rantsuwar zama ɗan ƙasa. Kowane mataki da fom ɗinsa da kuɗinsa da jiransa, kuma a kowanne ana iya cewa a'a.

Idan ɗaya yana Amurka ɗaya yana waje, shawarar farko da ke gabansu ita ce inda za a ɗaura auren. Ko dai a ɗaura a waje sannan a nemi bizar aure, wadda ake kira CR-1 ko IR-1, ko kuma a nemi bizar baiko, wato K-1, a shiga Amurka a ɗaura a can. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin zancen biki ne kawai, wa zai halarta wa ba zai halarta ba. Alhali wannan shawara ce take yanke yaushe baƙon zai fara aiki, nawa za a kashe, yaushe za a fara ƙidaya masa shekarun zama ɗan ƙasa, da kuma abin da zai same shi idan zama ya ƙi daɗi.

Bizar baiko an ƙirƙiro ta a 1970. Ɗan ƙasa ne yake cike fom I-129F ya aika wa hukumar shige da fice ta USCIS. Mai girin kad kawai ba shi da wannan damar, sai dai ya yi aure ya nemi ta aure, kuma shi nasa layin yana da adadin da aka ƙayyade a shekara, saɓanin na ɗan ƙasa da ba shi da ƙayyadewa. Sharaɗin K-1 shi ne su biyun sun ga juna ido da ido a cikin shekara 2 kafin a shigar da takarda. Hira ta waya ko ta bidiyo ba ta shiga lissafi, komai tsawonta. Doka ta bar kafar yafe wannan sharaɗi ga waɗanda tsattsaurar al'ada ta hana su ganin juna kafin aure, ko wanda tafiyar za ta jefa shi cikin matsanancin hali, amma ba kasafai ake samu ba, kuma ban ba kowa shawarar ya jingina da ita ba. Idan biza ta fito, shiga ɗaya ake yi da ita, kuma daga ranar da aka sauka akwai kwana 90 a ɗaura aure da wanda ya nemo bizar. Bayan nan sai a cike fom I-485 a nemi girin kad daga cikin ƙasar.

Bizar aure kuwa tana farawa da fom I-130 bayan an riga an ɗaura. USCIS ta amince, takardu su wuce cibiyar biza ta ma'aikatar harkokin waje, a cike DS-260, a kai shaidar ɗaukar nauyi, a yi gwajin lafiya, a je ganawa a ofishin jakadanci. Duk wahalar a waje ake shan ta. Amma ranar da mutum ya sauka a filin jirgi aka buga masa hatimi, ya riga ya zama mai zaman dindindin. Hatimin nan da ke fasfo shi ne shaidarsa har tsawon shekara 1 kafin katin ya iso ta gidan waya. Washegari yana iya neman aiki, yana iya fita ƙasar ya dawo.

Abin da ke jan mutane zuwa K-1 shi ne sauri. Shekaru da dama ta kan riga ta aure fitowa da wasu watanni, kuma wanda ke kwana yana tashi da begen wani ba ya raina wata guda. Na fahimci wannan, kuma ba na ganin laifin wanda ya ce shi dai a haɗa su wuri ɗaya tukuna. Sai dai tazarar ba tsayayya ba ce, tana canzawa da yawan takardun da ke gaban hukuma da kuma cunkoson ofishin jakadancin da za a je. Sau da yawa kowacce tana cin sama da shekara. USCIS tana wallafa tsawon jiran kowane fom a shafinta na intanet, ya kamata a duba shi a ranar da za a yanke shawara maimakon a dogara da labarin wanda ya yi tasa shekara biyar da suka wuce.

Kuma a nan ne sauri yake haihuwar nawa. Wanda ya shiga da K-1 ya iso, amma jiransa bai ƙare ba, wuri kawai ya canza. Bayan aure zai shigar da I-485, ya nemi izinin aiki da fom I-765, ya nemi izinin fita da dawowa da fom I-131, sannan ya zauna. Watanni ne yake yi ba ya iya aikin albashi. A wasu jihohin ko lasin tuƙi yana wahalar samu a wannan tsakanin. Idan labarin rashin lafiyar mahaifi ko rasuwa ya zo daga gida kafin izinin fita ya fito, ya kama hanya, hukuma za ta ɗauka ya yi watsi da nemansa, kuma bizar da ya shiga da ita ta riga ta ƙare aiki. Mutumin da yake da sana'arsa da mutuncinsa a inda ya fito sai ya wayi gari ko kuɗin katin waya sai ya tambaya. Sabon aure ba ya son irin wannan nauyi.

Ta fannin kuɗi babu gardama. A jadawalin da ya fara aiki a Afrilun 2024, I-129F dala 675 ne, kuɗin biza 265, I-485 kuma 1,440. Jimla 2,380. Idan aka ƙara izinin aiki 260 da izinin fita 630, an kai 3,270. Ta aure kuwa: I-130 dala 675 a takarda ko 625 ta intanet, kuɗin biza 325, duba takardar ɗaukar nauyi 120, kuɗin buga kati 235. Jimla 1,355. Ba a sa gwajin lafiya da kuɗin jirgi da lauya ba, kuma kuɗaɗen suna canzawa, amma ratar tana nan. Sai a ɗora asarar albashin watannin da mai K-1 zai yi a zaune.

Abin da ya fi damuna da bizar baiko ba kuɗin ba ne. Yadda take damƙa wuyan mutum ɗaya a hannun ɗayan ne. Kwana 90 ɗin nan ba a ƙara su. Idan ba a yi auren ba, dole baƙon ya fita. Ba zai iya juya bizar ta zama ta karatu ko ta aiki ba, kuma ko da wani ɗan ƙasa daban ya aure shi da gaskiya, ba zai samu girin kad daga cikin ƙasar ta wannan sabon auren ba. Ko an ɗaura auren ma, I-485 ba ya tafiya sai ɗan ƙasar ya sa hannu a fom I-864, wato alkawarin ɗaukar nauyi. Ke nan macen da ta ajiye aikinta ta sallami danginta ta hau jirgi, idan ta tarar da mutumin ba yadda ya nuna kansa yake ba, shi ne dai mai riƙe da alƙalamin. Haka namijin da ya biyo mace. Wanda ya sauka da bizar aure yana da katinsa da sunansa tun ranar farko, yana iya aiki, yana iya kama ɗaki. Duk wanda zai tura 'yarsa ko ƙanwarsa ƙasar da ba ta da kowa, ina roƙonsa ya auna wannan fiye da komai.

Ba a bar wanda aka zalunta haka kawai ba. Dokar hana cin zarafin mata ta 1994 ta ba wanda abokin aurensa ɗan ƙasa yake dukansa ko yake gallaza masa damar nemar wa kansa zama da fom I-360, ba tare da sanin mai zaluncin ba, kuma maza ma suna cikin wannan kariya. Wata dokar ta 2005 ta wajabta a sanar da wanda ake nemo wa K-1 tarihin wasu laifukan mai nemo shi, kamar dukan iyali, ta kuma taƙaita yawan nema ga wanda ya mayar da abin sana'a. Idan ɗan ƙasa ya rasu, wanda ya bari yana da shekara 2 ya nemar wa kansa. Sai dai in ban da dokar 2005, waɗannan suna aiki ne ga wanda aka riga aka ɗaura masa aure.

Shi ma ɗan ƙasar ya san abin da yake sa wa hannu. I-864 yarjejeniya ce da gwamnati wadda ake iya kai mutum kotu a kanta. Sai samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na tarayya gwargwadon yawan iyalinsa, in bai kai ba ya nemo wanda zai tsaya tare da shi. Saki ba ya warware alkawarin. Yana nan har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya cika aikin da ya kai kimanin shekara 10, ko ya bar ƙasar gaba ɗaya, ko ɗayansu ya rasu. A wannan hanyoyin biyu ɗaya suke, lokacin sa hannun ne kawai ya bambanta.

Akwai kuma zancen katin sharaɗi. Tun dokar yaƙi da auren bogi ta 1986, duk wanda aurensa bai cika shekara 2 ba a ranar da ya samu zaman dindindin, katin shekara 2 ake ba shi. A cikin kwana 90 na ƙarshe sai ma'auratan su cike fom I-751 tare, su biya dala 750, su sake kawo shaidar cewa auren na gaske ne. Idan an rabu kafin nan ana iya nema shi kaɗai, amma sai ya tabbatar da cewa da niyyar zama aka shiga auren. Mai K-1 kusan kullum katin sharaɗi yake samu, tunda sabon aure ne. Mai bizar aure kuwa jiran da ya yi a waje yana shiga lissafi. Idan auren ya cika shekara 2 kafin ranar da ya sauka, katin shekara 10 yake samu, babu I-751, babu bincike na biyu. Kuma ranar sauka ake dubawa, ba ranar da aka buga biza ba. Tunda bizar takan yi har wata 6 kafin ta mutu, wanda ya rage masa makonni kaɗan ya cika shekara 2 yana iya ɗan jinkirta tafiyarsa ya huta da wannan matakin gaba ɗaya. A duba ranar mutuwar bizar da kyau kafin a yi haka.

Sai babban abin da ake hange, wato zama ɗan ƙasa. A nan ne aure yake da tasirinsa na zahiri. Sauran masu girin kad shekara 5 suke jira, wanda ke auren ɗan ƙasa shekara 3. Sharaɗin shi ne suna zaune tare a matsayin miji da mata duk tsawon shekarun, abokin auren ɗan ƙasa ne tun farkonsu, kuma mai neman ya kasance a cikin Amurka aƙalla wata 18. Tafiyar da ta wuce wata 6 a jere tana iya karya lissafin. Ana iya shigar da fom N-400 kwana 90 kafin cikar wa'adin, a yi jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki, sannan rantsuwa. Idan saki ko mutuwa ta raba auren kafin rantsuwa, an koma shekara 5. To daga ina ake fara ƙidaya ukun? Daga ranar da aka zama mai zaman dindindin, ba daga ranar aure ba. Mai bizar aure tasa ƙidayar tana farawa a filin jirgi. Mai K-1 sai ranar da aka amince da I-485 ɗinsa. Saboda haka mutum yana iya riga wani shiga Amurka da watanni, amma wancan ya riga shi riƙe fasfo.

Don a ga cewa ba Amurka kaɗai ba ce: a Birtaniya bizar baiko wata 6 ce kuma ba a aiki da ita, mai bizar aure yana yin shekara 5 kafin zaman dindindin, kuma tun Afrilun 2024 ana buƙatar samun fam 29,000 a shekara. Wajen zama ɗan ƙasa kuwa, Faransa tana jira aure ya kai shekara 4. Jamus tana son shekara 3 na zama da shekara 2 na aure. Kanada ba ta da bizar baiko ma sam.

Yanzu ga inda mutanen kirki suke faɗawa rami ba da mugun nufi ba. K-1 ta marasa aure ce. Wasu sukan ce bari a ɗaura na addini ko na gargajiya kafin tafiya don a samu natsuwa, na gwamnati kuma a yi shi a Amurka. Amurka tana duba dokar wurin da aka ɗaura. Idan dokar ƙasar ta ɗauki auren addini ko na gargajiya a matsayin cikakken aure, to ku ma'aurata ne, kuma ba ku cancanci K-1 ba. Ko da dokar ba ta ɗauka ba, jami'in biza da ya ga hotunan taro da kwalliyar amarya yana iya ƙin bayarwa. Wanda ya ɓoye kuma ya ce shi ba shi da aure ya shiga laifin yi wa hukuma ƙarya, wanda hukuncinsa hana shiga ne na har abada sai in an samu yafiya. Duk wanda imaninsa ba zai bar shi ya sauka gidan wanda ba a ɗaura musu aure ba, kada ya wahalar da kansa da dabara. Bizar aure ce tasa.

Ita ma tana da nata abin lura. Auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya, wakilai ne suka tsaya musu, dokar shige da ficen Amurka ba ta lissafa shi sai an nuna cewa sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Don haka tikitin jirgi da hatimin fasfo da hotunan bayan aure suna da muhimmanci. Haka kuma kowane aure na baya sai an kawo takardar da ta nuna ya ƙare, ta saki ko ta rasuwa, kuma ranar da ke jikinta ta riga ranar sabon auren. Amurka ba ta amince da mace ta biyu alhali ta farko tana nan ba, kuma mai niyyar zama da mace fiye da ɗaya a can ba ya samun bizar zama. Masu ɓoye mata da 'ya'ya a fom suna cutar kansu sau biyu. Ranar da suka so ɗauko yaran, tsohon fom ɗin ne zai ƙaryata su, kuma ƙasar da aka samu ta hanyar ƙarya kotu tana iya ƙwace ta. Auren kwangila kuwa hukuncinsa ɗaurin da ya kai shekara 5 ne da tarar da ta kai dala 250,000, kuma wanda aka kama ba za a sake amincewa da wata takardar nema masa zama ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya.

Idan jami'in biza ya ƙi fa? A Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Muñoz, ta yanke cewa ɗan ƙasa ba shi da wani haƙƙi na tsarin mulki da ya tilasta a shigo masa da abokin aurensa. Ke nan kotu ba wurin dogaro ba ce. Amma nan ma akwai bambanci. Amincewar I-129F wata 4 take yi, jami'i ne ke sabunta ta, kuma idan ya mayar da takardar Amurka yawanci mutuwa take yi sai a sake daga farko. I-130 ba ta mutuwa haka. Kafin USCIS ta soke ta sai ta rubuto dalili ta ba da damar amsawa.

Wasu za su ce me ya sa ba za a shiga da bizar ziyara a yi aure a zauna ba. Wanda ya shiga da halal, daga baya al'amura suka canza ya auri ɗan ƙasa, doka ta ba shi damar neman girin kad daga ciki. Amma wanda ya gaya wa jami'i ziyara zai je alhali ya ƙulla niyyar zama, ƙarya ya yi, kuma aure da sauri bayan sauka yana jawo tambaya. Wanda kuma ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 sannan ya fita, dokar 1996 ta hana shi dawowa shekara 3. Idan ya kai shekara guda, hanin shekara 10 ne. Mai irin wannan tarihi ya ga lauyan shige da fice kafin ya taka ko'ina.

Kafin duk wannan lissafi, a duba fasfon da baƙon yake riƙe da shi. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga, ciki har da Chadi da Sudan da Somaliya da Libiya. A lokacin an ware masu bizar aure ta ɗan ƙasa daga hanin, ba a ware masu K-1 ba. A Disambar shekarar aka faɗaɗa jerin, aka sa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin cikakken hani, Najeriya cikin na wani ɓangare, aka kuma janye waccan togaciyar. Irin wannan umarni shugaban ƙasa ne yake sa shi yake kuma cire shi, kamar yadda aka taƙaita wa 'yan Najeriya bizar zama a 2020 aka ɗage a Janairun 2021. A karanta sanarwar ofishin jakadanci ta ranar kafin a biya ko sisi.

Duk da na karkata ga bizar aure, akwai waɗanda K-1 ce daidai da su. Akwai wanda ɗaura aure a ƙasar baƙon yake da wuya a doka, ko ɗan ƙasar ba zai iya komawa can ba saboda tsaro ko lafiya. Akwai wanda iyayensa tsofaffi ne a Amurka ba za su iya tafiya ba, kuma samunsa ya isa ya riƙe gida shi kaɗai na watanni. Amma dalili mafi ƙarfi shi ne 'ya'ya. A hanyar aure, ɗan miji ko ɗan mata ba ya shiga lissafin iyali sai in an ɗaura auren kafin ya cika shekara 18, kuma kowane yaro da nasa I-130 da nasa kuɗin. A hanyar baiko, duk ɗan da bai yi aure ba kuma bai kai 21 ba yana bin mahaifiyarsa ko mahaifinsa da bizar K-2 a kan takarda ɗaya, sai dai a can kowanne zai biya nasa I-485. Bazawarar da take da ɗa mai shekara 19, idan ta ɗaura aure a waje, mijin ba zai iya nemo yaron ba. Sai ita ta samu katinta ta nema masa, ya shiga layi, kuma idan ya haura 21 yana iya komawa layin da ake shekaru a cikinsa. Ita K-1 ce hanyarta, kuma ta gaggauta don yaron ya shiga kafin ya cika 21. Wadda ɗanta yake da 17 da wasu watanni kuwa tana da zaɓi biyu: ko a ɗaura auren kafin ranar haihuwarsa ta zagayo a bi ta aure, ko kada a ɗaura sam a bi ta baiko.